Gargaɗi ga masu haramar ƙetare gadar Ngeli don ganin masoyi

Jama'ar Toukra da Waliya da Ngeli, da duk wanda wannan takarda ta iske a gunduma ta tara ta birnin Injamena: in kana da wadda kake nema a Kano ko Maiduguri ko Damagaram, ko ke kina da wanda ya turo miki kuɗin mota daga Jidda ko Faris, a dakata da ɗaure kaya tukuna. A fara zazzage jakar takardu a kan tabarma, a duba su ɗaya bayan ɗaya da rana tsaka. Ina wannan kira da gaggawa ne saboda abin ya faɗo a cikin gidanmu, kuma tun daga lokacin na ji samari uku a bakin jami'a suna tsara irin tafiyar da ta kai namu ya baro.

Ɗan yayata ne, ɗalibi a nan jami'ar Toukra. Shekara biyu suna waya da wata yarinya a Kano, dangin dangi ce, a wajen wani biki aka haɗa su. Da magana ta yi nisa mahaifinta ya ce yaro ya zo a gan shi, domin ba a ba murya aure. Yaro ya yi ɗinki, ya sayi turare da kilishi, uwarsa ta ƙulle masa kuɗin gaisuwar iyaye a cikin ambulan. Takardun da ya riƙe kuwa su ne katin makaranta, da hoton katinsa na ɗan ƙasa a cikin waya, da wani katin rigakafi da ya saya ba tare da allura ta taɓa jikinsa ba. Ya hau bayan ɗan kilando, wato ɗan acaɓa, da sassafe, ya bi ayarin masu cin kasuwar Kusiri ta Kamaru, ya ƙetare kogin Logon ba wanda ya tsananta masa. Wannan sauƙi na farko shi ya rufe masa ido. A Fotokol, bakin iyakar Kamaru da Najeriya, wani ɗan kamasho ya ce masa layin ofis ɓata lokaci ne, ya kawo ɗan abin shan ruwa a zagaya da shi. Aka zagaya da shi, ya tsinci kansa a Gamboru, yana murna ya yi wayo.

A wani shinge kan hanyar Maiduguri aka ce kowa ya sauko da shaidarsa. Jami'in ya juya katin makaranta gaba da baya, rubutun Faransanci da Larabci ne, ya ce, "Malam, ina fasfo? Ina tambarin shigowarka?" Yaro ya ce, "Yallaɓai, ai ni Bahaushe ne, wajen surukaina za ni." Jami'in ya ce, "Ban tambaye ka yarenka ba." Mota ta tafi ta bar shi da ledar kilishi a hannu. Kwana biyu yana amsa tambayoyi, kuma ban ga laifin masu tambayar ba: saurayi, baƙo, ba fasfo, ba tambari, da sefa a aljihu da layin wayar wata ƙasa, a hanyar da ta sha jini tun harin Gamboru na watan Mayun 2014. Da wayar wani direba ya kira ni, muryarsa kamar ba tasa ba. Kafin a mayar da shi bakin iyaka ambulan ɗin uwarsa ya ƙare a abinci da kuɗin mota da kiran waya. Mafi ciwo shi ne yadda labarin ya isa Kano. Ba a ce takarda ya rasa ba. Cewa aka yi "an kama shi a hanyar Borno", kuma duk uban da ya haifi 'ya ya san abin da zuciyarsa za ta raya masa in ya ji haka.

Abin da ke yaudararmu a wannan unguwa kusanci ne. Mutumin Toukra ya fi kusa da Kamaru a kan wasu unguwannin Injamena da ke can arewacin kogin Shari. Muna zuwa Kusiri sayen siminti da atamfa mu dawo kafin azahar. Harshenmu ɗaya da na Kano, sallarmu ɗaya, tuwonmu ɗaya. Kakannin da yawa daga cikinmu a ƙafa da jaki suka iso nan, kan hanyarsu ta zuwa Makka ta Sudan, tun garin yana amsa sunan Fort-Lamy, kafin a sauya masa suna a 1973, kuma ba wanda ya buga musu hatimi. To wancan zamani ya wuce. Wanda ya tashi daga nan zuwa Kano ta ƙasa iyaka biyu zai ƙetare, ƙasa uku zai taka, kuma kowace da dokarta.

Ga inda mutane suka fi ruɗewa. Sun ji an ce ɗan Chadi ba ya buƙatar biza zuwa Najeriya, kuma gaskiya ne, akwai yarjejeniya tsakanin ƙasashen biyu da ta yafe biza ga ziyarar da ba ta wuce kwana 90 ba. Amma biza aka yafe, ba a yafe fasfo ba. Ba a kuma yafe tsayawa gaban jami'in shige da fice ya buga maka tambarin shiga ba. Wannan ɗan tambari mai kwanan wata, wanda tawadarsa ba ta kai ta sefa biyar ba, shi ne bambancin baƙo da ɗan fasa-ƙwauri. Duk wanda ya ce zai zagaya da kai don ya rage maka awa guda a layi, ya sayar da kai ne ga shingen gaba, kuma shingayen tsakanin Gamboru da Dikwa da Mafa ba su ƙirguwa da yatsun hannu ɗaya. Ka tsaya a buga maka na fita daga Chadi, na shiga Kamaru da na fita, sannan na shiga Najeriya. Kafin ka bar tagar ka buɗe shafin ka gani da idonka, ka karanta kwanakin da aka rubuta maka, domin wani lokaci ba a ba da casa'in ɗin cif.

Sai a riƙe wani abu da 'yan'uwanmu na Najeriya da Nijar suke yawan mantawa in su ne za su zo mana. Chadi ba ta cikin ECOWAS. Yarjejeniyar zirga-zirga ta 1979 da ta sa Bakano ke shiga Kwatano ko Akara da takardar tafiya ta ECOWAS ba ta ƙetaro tafkin Chadi ba. Mu a CEMAC muke, tare da Kamaru da Afirka ta Tsakiya da Kwango da Gabon da Gini Ikwatoriya, kuma tun 2017 aka buɗe mana zirga-zirga a tsakaninmu. Shi ya sa katinmu ke wucewa a Kusiri da Marwa, amma ƙarfinsa ya ƙare a gadar El-Beid da ke tsakanin Fotokol da Gamboru. Haka nan saurayin da zai taso daga Kano ya zo gaishe da iyayen yarinya a Toukra, kada ya dogara da takardar lambar ɗan ƙasa da aka lulluɓe da leda, ya zo da fasfo. Kuma ku masu masaukinsa, nauyi ne a kanku ku sanar da shi cewa doka ta ce baƙo ya yi rajista wurin 'yan sanda cikin awa 72 da isowarsa. A raka shi da hotunan fasfo da adireshin gidan da ya sauka. Da yawa ba sa yi, sai ranar komawa a tare su a filin jirgin Hassan Djamous ko a bakin gada, ana neman hatimin da babu shi. Tun hare-haren watan Yunin 2015 a tsakiyar Injamena hukuma ba ta wasa da sha'anin baƙi. A shekarar ne ma aka hana rufe fuska ruf a bainar jama'a, don haka baƙuwar da ta saba da niƙabi a garinsu a faɗa mata tun tana gida cewa za a nemi ganin fuskarta a gwada da hoto.

Zancen katin rigakafin shawara kuwa, wanda muke kira karne, a nan na fi jin haushin mutanenmu. Allura ɗaya ce tak. Tun watan Yulin 2016 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce wanda aka yi wa sau ɗaya, katinsa na aiki har ƙarshen rayuwarsa. Amma sai mutum ya guje wa tsinin allura ya sayi katin bogi, ya biya kuɗi, kuma sauron da ke ɗauke da cutar bai iya karatu ba. Najeriya ta koma kati mai lambar da ake dubawa a na'ura tun 2019, jami'an lafiyarta na kan iyaka sun saba da ganin na jabu, daga hatimi da lambar kwalbar allura suke ganewa. Ga kuma abin da ya sa na ce maganar ta gaggawa ce: katin gaskiya ma ba ya fara aiki sai bayan kwana goma da yin allurar. Wanda aka yi wa ranar Litinin ya kama hanya ranar Alhamis, daidai yake da wanda bai yi ba. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Akwai wata masifa da ba ta da hayaniya, ita ce ta suna. Mu nan an rubuta mu da alƙalamin Faransa da harshen Larabcin Chadi: Mahamat, Abakar, Ousmane, Haoua, Fatimé. Masoyiyarka a Kano ta san ka da Muhammad Abubakar, haka za ta rubuta a takardar gayyata, haka yayanta zai rubuta in shi ya saya maka tikitin jirgi. A wurinmu mutum ɗaya ne. A wurin kwamfuta mutum biyu ne, kuma ma'aikacin kamfanin jirgi ba zai saurari tarihin yadda Abubakar ya zama Abakar ba. Na ga dattijuwa a filin jirgi, an yi mata lalle, tana riƙe da tikiti da suna ɗaya da fasfo da wani sunan, jikanta yana ta kiran wanda ya sayi tikitin, wayarsa a kashe. Ka ɗauki hoton shafin farko na fasfonka ka tura wa duk wanda zai rubuta sunanka a wata takarda, ka ce ya kwafa harafi da harafi, ko da ya ga kamar kuskure ne. Haka kwanan haihuwa. Da yawanmu takardar haihuwarmu cewa ta yi an haife mu "wajen shekara kaza", aka mayar da shi 1 ga Janairu a fasfo, alhali katin makaranta na ɗauke da wata ranar da wani malami ya ƙaga. Tun da hukumar ANATS ta fara ba da lambar shaidar ɗan ƙasa a 2020, duk takardunka a kan lamba ɗaya suke rataye. In akwai saɓani a tsakaninsu, gyaran a nan gida ake yin sa, kuma yana cin makonni. Ka je da ƙafarka, zuwa da kai ya fi aike, kada ka miƙa wa masu zaman benci a bakin ofis takardar haihuwarka ta asali. Ka kuma duba ranar mutuwar fasfon. Ƙasashe da yawa da kamfanonin jirgi ba sa karɓar wanda saura ƙasa da wata shida ya mutu.

In ka isa lafiya, sai ƙidayar kwana. Zaman masoya ba ya jin tafiyar lokaci, ga surukai suna cewa ai ka bari a yi salla, ka bari a yi sunan ɗan wane. A 2025 Najeriya ta sanar da tarar dala 15 a kan kowace rana da baƙo ya ƙara bayan wa'adinsa, da hana shiga ƙasar na shekaru ga wanda ya zarce da yawa. Ka lissafa wata biyu a kan haka ka gani ko sadaki bai tafi ba. Kada kuma ka bar komawarka sai ranar ƙarshe, domin iyakokin yankin nan dare ɗaya suke rufewa. Najeriya ta rufe nata na ƙasa a watan Agustan 2019, sai Disambar 2020 ta fara buɗe wasu. Gadar Ngeli da muke ganin kamar ƙofar gidanmu ce, an garƙame ta a watan Maris na 2020 saboda korona, ta fi shekara a haka. Bayan juyin mulkin Nijar na Yulin 2023 an rufe tsakaninta da Najeriya har zuwa Maris na 2024, mutanen Maraɗi da Katsina da suka sa ranar biki suka koma bin daji. Mai niyyar Damagaram ko Diffa ya tuna kuma cewa sefarmu ta Afirka ta Tsakiya ba ita ce sefar Nijar ba, sunan ne ɗaya, takardun daban, sai an yi canji.

Wanda tafiyar tasa ta wuce gani da ido, har ana maganar ɗaura aure a Kano, ya sani cewa tun 2024 jihar ta kafa dokar gwajin lafiya kafin aure, wanda ya haɗa da cuta mai karya garkuwar jiki da ciwon hanta da rukunin jini na sikila. Ya shigar da wannan cikin kwanakinsa. Ya kuma sauka a gidan dangi ko na wanda iyayen yarinya suka sani. Kano gari ne mai Hisba, ba a kai wa baƙo budurwa masauki.

Masu hangen nesa, Turai da Amurka, taku ta fi tsauri. In wanda ke zaune a Faransa ya gayyace ka, saƙon WhatsApp ko wasiƙar soyayya ba gayyata ba ce. Sai ya je ofishin magajin garin da yake ya karɓo takardar shaidar masauki, ya aiko maka ta asali. Kuɗin neman bizar Shengen ya koma yuro 90 tun watan Yunin 2024, wato kusan sefa dubu 59, kuma in an hana ka ba a mayarwa. Ana neman inshorar lafiya da ta kai yuro dubu 30, da shaidar abin da zai dawo da kai gida: aiki, ko karatu, ko kasuwanci mai takarda. Kada ka ɓoye dalilin tafiya. Wanda ya ce yawon buɗe ido za shi, aka buɗe wayarsa aka ga ana maganar ranar ɗaurin aure, ƙaryar za ta bi sunansa shekaru. Biza ma in ta fito, ganin Dala ba shiga birni ba ne: ɗan sandan filin jirgin Faris yana da ikon neman takardar masauki da tikitin dawowa da kuɗin guzuri, ya juyo da kai a jirgin da ya kawo ka in babu. Waɗanda aka riga aka ɗaura musu aure a masallaci da goro da shaidu, aurenku ya ɗauru a wurin Allah da jama'a, amma ofishin jakadanci takardar aure ta magajin gari yake karantawa. Amurka kuwa, a watan Yunin 2025 Donald Trump ya sa Chadi cikin ƙasashe goma sha biyu da ya hana 'yan ƙasarsu shiga, Shugaba Mahamat Idriss Déby ya rama da dakatar da ba Amurkawa biza. Ba karon farko ba ne, an taɓa sa mu a irin wannan jeri a 2017 aka cire mu a 2018. Saboda haka duk dillalin da ya ce yana da hanyar bizar Amurka ta bayan gida, kuɗinka kawai yake hange.

Ta Saudiyya ita ce tsohuwar cutarmu. Miji na can shekara biyar, ko saurayi ya ce ki shigo da bizar umara, in kin zo sai mu san yadda za a yi. Yadda za a yi ɗin shi ne ki zama takari: ba fita sai da tsoro, ba asibiti, in kin haihu ɗan ba shi da takardar ko wace ƙasa, ƙarshenta sansanin tsare baƙi na Shumaisi da zanen yatsa da hana dawowa, har aikin hajjin da kike buri ya gagare ki. Bizar ibada ta ibada ce, tana da ranar ƙarewa. A 2012 ma mata maniyyata 'yan Najeriya kusan dubu aka tsare a filayen jirgin Saudiyya kan batun muharrami, alhali da bizarsu a hannu.

Yanzu gare ku 'yan mata, da ku iyayensu mata, domin ku ake fara gaya wa asiri. Mutumin da ba a taɓa gani ba sai a Facebook, wanda bai turo kowa nasa ya gaishe da mahaifinki ba, amma ya ce ki taho, kada ki damu da fasfo, akwai direban da zai karɓe ki a Kusiri ya miƙa ki ga wani, wannan ba tsarin mai neman aure ba ne. Haka ake jigilar kaya. Mai son ki da gaskiya shi zai taso ya zo Toukra, ya durƙusa gaban manya, a san asalinsa. In kuwa tafiyar ta zama dole, to da ɗan rakiya na gida, da cikakken sunan mutumin da unguwarsa da sunan mai unguwar a rubuce a hannun mahaifinki, da wani namu mazaunin garin da ya je ya ga gidan da idonsa. Fasfonki ya zauna a jikinki. Ranar da wani ya ce kawo in ajiye miki, daga ranar ba ki da ƙafar dawowa. Wadda za ta tafi da yaro ƙarami ta riƙe takardar haihuwarsa da rubutaccen izinin mahaifinsa mai hatimin hukuma, domin a kan yara ake fi tsananta bincike, kuma da dalili.

Kafin kowa ya fita, ya yi kwafin fasfo da karne da katin ɗan ƙasa kashi biyu, ɗaya a gida wurin wanda ke ɗaga waya, ɗaya a jakar da ba ita ce ta asalin ba. Ya rubuta lambar mutum biyu a takarda da biro, domin waya ita ake fara karɓa, ita ce kuma ke fara mutuwa. Ya nemi sanin inda ofishin jakadancin Chadi yake a ƙasar da za shi. Hanyar Gamboru ba a bin ta da yamma, a tambayi direbobin tasha halin da take ciki a ranar, ba na makon jiya ba.

Ina roƙon limamanmu su faɗi wannan bayan sallar Juma'a, masu unguwa su faɗa a wajen suna da ta'aziyya, ɗalibai su karanta wa waɗanda ba su iya boko ba. Duk wanda ya riga ya faɗa wa surukai ranar isowarsa, kuma saura ƙasa da kwana goma bai yi allura ba, ko fasfonsa bai fito ba, ya kira su a daren yau ya ɗaga ranar. Ɗan yayata yana nan, an yi masa allurar gaske a damtsen hagu, rasit ɗin fasfo na cikin littafinsa. Mahaifin yarinyar bai ce a'a ba, bai kuma sake cewa ya zo ba.